Motar Jif: Gwanar Rairayi, Baƙuwar Kwalta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar Zariya zuwa Kano da yammacin Juma'a ya san yadda akan yi idan babbar jif ta taso. Tun daga nesa ake hango ta, ta ɗara sauran motoci tsayi kamar raƙumi a tsakiyar garken tumaki. Masu ƙananan motoci sai su raɓe, 'yan acaɓa su gangara gefe. A idon yawancin jama'a, wanda ke cikin wannan mota ya shiga ganuwa, babu abin da zai same shi. Shi ma mai ita haka ya ɗauka, kuma sau da yawa dalilin da ya sa ya zuba dukiyarsa ya saye ta ke nan.

Wannan zato yana da ƙamshin gaskiya, sai dai akwai sauran bayani. Abubuwa biyu ne suka bambanta jif da ƙaramar mota, wato tsayi da nauyi. Su ne suke fitar da ita daga rairayi da taɓo, kuma su ɗin ne dai suke jawo mata masifa a kan kwalta. Ɗalibin da ya riƙe darasin fiziks na aji huɗu da kyau zai iya gano dalilin da kansa, da alƙalami da takarda.

Asalinta daga fagen fama

Kalmar "jif" ta samo asali ne daga Jeep, wata ƙaramar motar soja da Amurka ta ƙera a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1940 rundunar sojan ƙasar ta nemi a yi mata mota marar nauyi wadda dukkan tayoyinta huɗu suke ja, domin ta bi inda babu hanya. Kafin a gama yaƙin a 1945, kamfanonin Willys da Ford sun ƙera fiye da 600,000. Daga nan sai wasu ƙasashe suka ɗauka. Ingila ta fito da Land Rover a 1948, aka yi jikinta da gorar ruwa saboda ƙarancin baƙin ƙarfe bayan yaƙi, kuma ita ce motar da jami'an gona da na lafiya suka riƙa ratsa ƙauyukan ƙasar Hausa da ita shekara da shekaru. A Japan kuwa, Toyota ta yi tata a 1951, aka raɗa mata suna Land Cruiser a 1954. Mitsubishi ta biyo baya da Pajero a 1982, wadda ta yi suna a tseren motoci na Faris zuwa Dakar da ke ratsawa ta Agadas da hamadar Tenere a wancan zamani.

Ba a taɓa gwada irin wannan mota kamar yadda aka gwada ta a arewacin Chadi a 1987 ba. Sojojin Chadi, a cikin motocin a-kori-kura ƙirar Toyota masu ja da taya huɗu, suka fatattaki tankokin yaƙin Libiya a Fada a watan Janairu, sannan a Wadi Dum a watan Maris, har marubuta tarihi suka riƙa kiran wannan ɓangare na rikicin da sunan Yaƙin Toyota. Abin lura shi ne, duk waɗannan motoci don jeji aka yi su, kuma ba a yi su don gudun kilomita 140 a awa ba. Sai daga baya aka cusa musu kujerun fata da na'urar sanyaya iska, suka shigo birni suka zama motocin manya.

Yadda take cin rairayi

Ƙaramar mota da taya biyu kawai take ja, ko na gaba ko na baya. Idan waɗannan biyun suka faɗa yashi, shi ke nan ta kafe, sai a nemo majiya ƙarfi. Ita kuwa jif tana da wani ƙaramin akwatin giya bayan babban, wanda yake raba ƙarfin injin zuwa aksul na gaba da na baya. A cikin wannan akwati akwai giya ta musamman mai rage gudu ta ninka ƙarfin juya taya fiye da sau biyu, yadda mota za ta riƙa rarrafe a hankali tana hawan tudun da mutum ma sai ya dafa. Bugu da ƙari, cikinta ya yi nesa da ƙasa da kimanin santimita 22 zuwa 23, alhali na ƙaramar mota bai cika wuce 14 ko 15 ba. Saboda haka takan haye dutse da kututture da tsakiyar hanyar burji da manyan motoci suka ƙwaƙule, ba tare da ta fasa tukunyar baƙin mai ba.

Direbobin da ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku suna da wata dabara da ta fi duk wannan sauƙi. Kafin su shiga rairayi mai laushi sukan sace iskar taya, su sauko da ita daga wajen 35 a ma'aunin masu faci zuwa ƙasa da 20. Tayar sai ta baje, wurin da take taɓa ƙasa ya ƙara tsawo, nauyin motar ya rarrabu a kan fili mai yawa, ba ta nutse ba. Hikimar da ke tafin ƙafar raƙumi ke nan, wanda yake bajewa duk lokacin da ya taka. A riƙe wannan batu na iskar taya, domin zai sake dawowa ta wata fuskar marar daɗi.

Cibiyar nauyi

Kowane abu yana da wani gurbi guda wanda za a iya ɗauka cewa dukkan nauyinsa a nan ya taru. Wannan gurbi shi ake kira cibiyar nauyi. Muddin layin da ya sauko kai tsaye daga cibiyar zuwa ƙasa ya faɗa a cikin gindin abin, to abin zai tsaya. Da zarar layin ya fita daga gindi, sai faɗuwa. Malami zai iya nuna wannan a aji da bulo ɗaya da katako ɗaya. A kwantar da bulon a kan katako, a riƙa ɗaga gefe guda a hankali: bulon zai zame ya gangara, amma ba zai kife ba. A sake tsayar da shi a kan ƙaramin gefensa, a ɗaga katakon: tun kafin ya fara zamewa zai tuntsure. Bulo ɗaya ne, nauyi ɗaya ne, tsayin cibiya da faɗin gindi ne kawai suka sauya.

Injiniyoyin mota suna auna wannan da wani lissafi mai sauƙi. Akan ɗauki tazarar da ke tsakanin tayar dama da ta hagu, a raba ta da ninkin tsayin cibiyar nauyi. Alal misali, a ce ƙaramar mota tana da tazarar mita 1.5, cibiyarta kuma tana mita 0.53 daga ƙasa. Idan aka raba 1.5 da 1.06 za a sami kimanin 1.4. A ce kuma babbar jif tana da tazarar mita 1.64, cibiyarta tana mita 0.72. Amsarta ita ce 1.14. Gwaje-gwajen hukumar kiyaye haɗurran manyan hanyoyi ta Amurka sun nuna cewa ƙananan motoci sukan faɗa tsakanin 1.3 da 1.5, jif-jif kuwa tsakanin 1.0 da 1.3.

Me wannan lamba take nufi? Tana nuna yawan turin gefe da mota za ta iya jurewa kafin tayoyin ɓangare guda su ɗaga sama, idan aka kwatanta turin da nauyin motar. Ita kuwa taya mai kyau a kan busasshiyar kwalta takan riƙe ƙasa har turin ya kai kimanin 0.8 ko 0.9 na nauyin mota, daga nan sai ta fara zamewa. Ke nan ƙaramar mota mai 1.4 za ta zame tun da sauran nisa kafin ta kai ga kifewa, kamar bulon da ke kwance. Ita ma jif mai 1.14 za ta fi son zamewa, amma ratar da ta rage mata kaɗan ce, kuma laushin sifirin da lanƙwashewar taya suna cinye wani abu daga cikin ratar, domin jikin motar yakan karkata waje a kan kwana.

Yanzu sai a ɗora mata kaya a rufi, kamar yadda aka saba idan za a tafi gida hutun salla: buhunan shinkafa, akwatuna, jarkoki, a ce kilo 200, a tsayin mita 2.1. Idan motar tana da nauyin kilo 2,600, sabuwar cibiyar za ta hau zuwa kimanin mita 0.82, lambar kuma ta sauko zuwa 1.0. Ratar ta kusa ƙarewa ke nan tun ba a bar ƙofar gida ba.

Shi kuwa turin gefe a kan kwana, da gudu yake tafiya, kuma ba sannu a hankali yake hawa ba. Idan gudu ya ninka sau biyu, turin yakan ninka sau huɗu. A kwanar da faɗin da'irarta daga tsakiya ya kai mita 100, motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana jin turin da bai kai 0.3 na nauyinta ba. A gudun 100 ya kai kusan 0.8. A gudun 120 ya haura 1.1. Ba lallai ne ma a sami kwana a hanyar ba. Direban da ya fizgi sitiyari don ya kauce wa rami, ko akuya, ko ɗan acaɓa, ya ƙirƙiri kwana da hannunsa, kuma mai tsanani.

Duk da haka, mafi yawan motocin da suke adungure ba a tsakiyar kwalta mai santsi suke yi ba. Abin da ya fi faruwa shi ne motar ta fara zamewa ta gefe, sai taya ta ci karo da wani abu da zai taɗe ta: bakin kwaltar da ruwa ya zaizaye, ko kan kwalbati, ko ƙasa mai laushi. Ƙasan motar ya tsaya cak, samanta ya ci gaba da tafiya. Mai cibiya a sama ita ce ta fi saurin juyewa. A irin wannan haɗari abin da ya fi kashe mutane shi ne a cilla su waje ta taga, motar ta bi ta kansu, shi ya sa ɗaura bel ya zama wajibi ga na gaba da na baya baki ɗaya.

Darasin taya

A watan Agusta na shekarar 2000, kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa a Amurka, yawancinsu waɗanda aka ɗaura wa jif ƙirar Ford Explorer. Bayan tayar ne yake ɓarewa ana cikin gudu, motar ta ƙwace, ta wuntsila. Hukumomin ƙasar sun danganta mutuwar mutum 271 da wannan matsala. An fi samun haɗurran a jihohi masu zafi kamar Texas da Florida, kuma tun kafin nan an ga irinsu a Saudiyya da Benezuwela. Kamfanonin biyu sun yi ta ɗora wa juna laifi, amma daga cikin abubuwan da bincike ya nuna akwai zafi da ƙarancin iska. Tayar da iskarta ta yi ƙasa takan riƙa lanƙwashewa tana miƙewa a kowane juyi, wannan motsi ya haifar da zafi a cikinta, har roba ta saki wayoyin ƙarfen da ke riƙe da ita.

Wanda ya san yadda kwalta take ɗaukar zafi a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ba ya bukatar dogon sharhi a nan. Dabarar sace iska da ta ceci direba a cikin rairayi za ta iya halaka shi idan ya hau kwalta ya taka totur bai mayar da iskar ba. Haka nan taya tana tsufa ko da ba a yi tafiya da ita ba. A gefenta akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Masu ƙera motoci da yawa suna ba da shawarar a sauya taya idan ta shekara shida, komai kyawun zanenta.

An sami ci gaba a wannan fanni. Tun 1995 aka fara sa wa motoci wata na'ura mai ƙwaƙwalwa da ke lura da inda sitiyari ya nufa da inda motar take tafiya a zahiri. Idan ta ga sun saɓa, sai ta taka wa taya ɗaya tak birki, ta rage ƙarfin injin, ta daidaita motar kafin direba ma ya ankara. Yawanci ana kiranta ESC, Toyota kuma tana kiranta VSC. Amurka ta wajabta ta ga sababbin motoci daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuma a 2014, kuma ta rage kifewar jif ƙwarai da gaske. Sai dai yawancin jif-jif da ke yawo a garuruwan Nijeriya da Nijar tsofaffi ne 'yan Kwatano. Wasu ba su zo da na'urar ba, wasu kuma ta lalace, fitilar gargaɗinta tana ci a gaban direba shekara da shekaru, har wani bakaniken ya cire ƙwan don kada ya dami mai gida.

Nauyi da gudu

Inda zaton jama'a ya yi daidai shi ne wajen karo. A ce jif mai kilo 2,600 da ƙaramar mota mai kilo 1,300 sun yi taho-mu-gama, kowace tana gudun kilomita 60. Bisa ƙa'idar motsi, bayan karon za su tafi tare ta inda jif ta nufa da gudun kilomita 20. Ke nan gudun jif ya sauya da 40 kawai, na ƙaramar kuwa ya sauya da 80, tun da tsayar da ita aka yi aka kuma tura ta baya. Jijjigar da mutanen ƙaramar mota suka sha ta ninka ta mutanen jif. Kariyar da mai jif ya samu, daga jikin maƙwabcinsa aka yanko ta.

Akwai kuma wani ruɗi da ke kama direbobi. Saboda tayoyi huɗu suna ja, motar takan tashi ba santsi ko da ana ruwa, sai direba ya ɗauka haka za ta tsaya. Alhali kowace mota da tayoyi huɗu take taka birki, jif ba ta fi kowa ba a nan. A gudun kilomita 100, mota tana cin mita 28 a daƙiƙa guda, wato kafin ƙafa ta tashi daga totur ta isa birki, sannan ta ƙara wajen mita 50 kafin ta tsaya a busasshiyar hanya. Kuzarin da ke cikin tafiyar jif ya ninka na ƙaramar mota, kuma duk birki ne zai mayar da shi zafi. A doguwar gangara irin ta hanyoyin da ke saukowa daga tsaunukan Jos, birkin da ya yi zafi fiye da kima yakan daina kamawa, shi ya sa gogaggen direba yake saukowa da ƙaramar giya. Zama a sama ma yana yaudarar ido, domin mutum yakan ga kamar ba gudu yake yi ba.

Kuɗin mai da hayaƙi

Jif mai injin silinda takwas takan sha kimanin lita 15 ta fetur a kilomita 100, inda ƙaramar mota za ta sha wajen 7. Nauyi ne dalili na farko, na biyu kuma faɗin gabanta da ke tunkuɗar iska kamar bango. Mai yin kilomita 15,000 a shekara zai ƙona lita 2,250, ɗan'uwansa kuwa 1,050. Tun da aka janye tallafin mai a Nijeriya a ƙarshen watan Mayun 2023, wannan bambanci ya zama abin da aljihu yake ji.

Kowace lita ta fetur tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon-dayoksaid, alhali ita kanta litar ba ta kai kilo guda ba. Ɗaliban kimiyyar sinadarai za su gane sirrin: kowane giram 12 na kabon da ke cikin mai yakan haɗu da giram 32 na oksijin daga iska, su zama giram 44. Saboda haka jif ɗin can tana sakin fiye da tan 5 a shekara. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 kashi 48 cikin ɗari na sababbin motocin da aka sayar a duniya dangin jif ne, manya da ƙanana, kuma da a ce ƙasa ce su, da sun zo na biyar wajen fitar da wannan iska mai ɗumama duniya. A Fabrairun 2024 mazauna birnin Faris suka kaɗa ƙuri'ar ninka kuɗin ajiye motoci masu nauyi sau uku ga baƙin da ke shigowa da su.

Wanda ke ƙasa

Saura mai tafiya da ƙafa, wanda galibin masu karanta wannan mujalla suke cikin sahunsa kullum safiya. Idan ƙaramar mota ta buge babban mutum, a ƙafa take samunsa, ta ɗaga shi ya faɗa kan murfin injin, wanda yake lotsawa ya rage zafin bugun. Jif kuwa a ƙugu ko ƙirji take dukansa, inda hanta da huhu da zuciya suke, ta tura shi gaba ya faɗi a gaban tayoyi. Ga yaro ɗan firamare, gaban motar daidai kansa yake. Wani bincike da cibiyar kamfanonin inshora mai nazarin haɗurran hanya ta Amurka ta fitar a 2023 ya gano cewa motocin da tsayin gabansu ya haura santimita 102 sun fi kashe wanda suka buge da kimanin kashi 45 cikin ɗari, idan aka kwatanta da masu gaba mai gangare da bai wuce santimita 76 ba.

Direban jif yana hangen nesa fiye da kowa, amma abin da ke gindinsa ya ɓace masa. Lissafin alwatika masu kama da juna ya isa ya nuna haka. A ce idon direba yana mita 1.6 daga ƙasa, bakin murfin injin kuma yana mita 1.15, a nisan mita 2 daga idon. Layin ganinsa ba zai taɓa ƙasa ba sai ya yi kimanin mita 5 gaba da motar. Yaro mai tsayin santimita 90 da ke tsaye cikin mita guda daga hancin motar ba ya ganuwa ko kaɗan, mai rarrafe ko wanda ya tsuguna yana wasa da ƙasa kuwa yana ɓoye har kusan mita 3. Ta baya abin ya fi haka muni, dalilin da ya sa Amurka ta wajabta kyamarar baya ga sababbin motoci a 2018. Irin wannan haɗari ba ya bukatar gudu, kuma a ƙofar gida ko ƙofar makaranta ya fi aukuwa, a hannun wanda ya san yaron.

Makarantar da wani malami ko mahaifi yake zuwa da jif za ta iya auna wannan a filinta. A kashe injin, a ja birkin hannu, a cire makulli. Malami ya zauna a kujerar direba, ɗalibai su ɗauki bokiti ko sanda mai tsayin rabin mita su riƙa matsar da ita daga jikin mota har sai ya ce ya hango samanta, a shata wurin da alli. A yi haka ta gaba, ta baya, da gefe biyu, sannan a haɗa alamomin da layi, a auna da tef. Daga nan sai a kawo ƙaramar mota a maimaita, a kuma sauya mai zama a kujera da wanda ya fi shi gajarta, a rubuta sakamakon duka a allo.